Ra'ayinmu: Gardamar Baftisma Da 'Ya'yan Alkawari



Akwai wata magana da ta daɗe tana ci a cikin ƙananan ikkilisiyoyinmu kamar wutar ƙaiƙayi, ba a ganin harshenta amma hayaƙinta yana shiga idon kowa. Maganar baftisma ce. Mutum ya zo daga wata ɗariƙa, ya yi shekara biyu ko uku yana sujada tare da jama'a, yana ba da zakka, matarsa tana cikin zumunta, amma ranar Jibin Ubangiji sai wani dattijo ya raɗa masa cewa kada ya miƙa hannu, domin yayyafi aka yi masa yana jariri. A wani wurin kuma saurayi ya tafi makaranta, ya ji wa'azi, ya nemi a nutsar da shi a rafi, da ya dawo gida sai aka sa shi a horo, wai ya raina baftismar da iyayensa suka yi masa. A duka biyun an ji wa mai bi ciwo, kuma a duka biyun dattawan da suka yi hukuncin suna ganin gaskiyar Allah suke tsarewa.

A manyan garuruwa abin da sauƙi, domin kowace ɗariƙa tana da majami'arta, wanda bai gamsu da wannan ba sai ya hau mashin ya tafi waccan. Mu da muke zaune a wuraren da Kirista ba su da yawa, sau da dama majami'a ɗaya ce a ƙauye uku ko huɗu. Ma'aikacin asibiti da aka yi wa canji, da ɗan sanda, da malamar makaranta, da amaryar da aka kawo daga nesa, duk nan za su zo. Tun daga shekarar 2014 kuma, sa'ad da tashin hankalin Boko Haram ya watsa ikkilisiyoyin kudancin Borno da arewacin Adamawa, har hedkwatar EYN da ke Kwarhi ta faɗa hannunsu a watan Oktoba, 'yan'uwa da yawa sun sami kansu a bencin ɗariƙar da ba a cikinta aka haife su ba. Ba su zo neman gardama ba, mafaka suka zo nema.

Kafin a shiga inda aka rabu, ya kamata a faɗi inda ba a rabu ba, domin sau da yawa ana mantawa. Idan babban mutum ya fito daga wani addini ya karɓi Kristi, babu ɗariƙar da ke yi masa baftisma kafin ya furta bangaskiyarsa da bakinsa. Katolika, Angilikan, Lutaran, Baptis, ECWA, duk sai sun koyar da shi sun ji shaidarsa tukuna. Kakanninmu da iyayenmu na farko duk haka aka yi musu. Gardamar tana tasowa ne a kan 'ya'yan wannan mutum. An haifa masa ɗa, dangi sun taru ranar suna, wani kawu ya tambaya, to wannan yaron na wane gida ne, naku ko namu? Ana iya ɗaukar tambayar kamar tsokana, amma ita ce ainihin tambayar da masu tauhidi suka yi kusan shekara ɗari biyar suna jayayya a kanta: shin ɗan mai bi yana cikin alkawarin Allah tun daga haihuwa, ko kuwa sai ranar da ya ba da gaskiya da kansa?

Yawancinmu ba mu zaɓi amsar da muke riƙe da ita ba, gadonta muka yi daga mishan ɗin da ya fara isa ƙasarmu. Inda SIM ta yi aiki, wadda mutanenta na farko suka sauka Legas a 1893, aka kuma kafa ECWA a 1954, baftismar masu bi ta nutsarwa aka koya, haka ma wurin 'yan Baptis. A Garkida, inda Stover Kulp da Albert Helser suka fara sujada a gindin tsamiya a watan Maris na 1923, masu bi ake yi wa baftisma, a durƙushe, a nutsar da su ta gaba sau uku, kamar yadda ikkilisiyar 'yan'uwa take yi tun farkonta a Jamus a 1708. A Numan, inda Dokta Niels Bronnum na ƙasar Denmak ya isa a 1913, Lutaran suna yi wa jarirai baftisma. Haka a Wusasa wurin Angilikan, haka kuma a ƙasar Takum da Wukari inda aikin Johanna Veenstra ya haifi CRCN. Da a ce jirgin da ya kawo wannan mishan ne ya kawo wancan, da yawancin masu tada jijiyar wuya a yau suna ɗaya gefen suna tada ta.

Wannan ba ya nufin cewa maganar ba ta da tushe a Littafi Mai Tsarki. Tana da shi, kuma kowane gefe yana da hujja mai nauyi wadda ɗayan bai cika son ji ba.

Masu tauhidin alkawari, wato ikkilisiyoyin da suka bi koyarwar Zwingli da Calvin, suna farawa ne daga Farawa sura 17. A can Allah ya ɗaura alkawari da Ibrahim da zuriyarsa, ya kuma ba da kaciya ta zama alama, a yi wa kowane ɗa namiji a rana ta takwas. Suka ce alkawarin alheri ɗaya ne tun daga Ibrahim har zuwa Kristi, alamarsa ce kawai ta sāke, kaciya ta ba baftisma wuri, kuma suna kafa hujja da Kolosiyawa 2:11-12 inda Bulus ya ambaci biyun a numfashi ɗaya. Ibrahim ya karɓi alamar bayan ya ba da gaskiya, yana da shekara 99, amma Ishaku ya karɓe ta yana da kwana takwas, bai san dama da hagu ba, kuma Allah ne ya umarta a yi haka. To idan a zamanin inuwa an sa yara a ciki, ta yaya za a fitar da su a zamanin da haske ya zo? Suna ƙarawa da wa'azin Bitrus ranar Fentikos, inda ya haɗa masu sauraro da 'ya'yansu a cikin alkawarin (Ayyukan Manzanni 2:39), da gidajen da aka yi wa baftisma gaba ɗaya, gidan Lidiya da na mai tsaron kurkuku a Filibi da na Istifanas, da kuma 1 Korintiyawa 7:14 inda aka kira 'ya'yan mai bi tsarkaka. Katekisim na Heidelberg na 1563, a tambaya ta 74, a kan wannan hujja ya tsaya. A wurinsu baftisma maganar Allah ce zuwa ga yaro kafin yaro ya iya magana, bangaskiya kuma ita ce amsar da ake jira daga gare shi in ya girma.

Masu baftismar masu bi kaɗai su ma daga alkawari suke farawa, wannan kuwa mutane da yawa ba su sani ba. Nasu nassin shi ne Irmiya 31:31-34, wanda Ibraniyawa sura 8 ta maimaita. A can an ce sabon alkawari ba zai zama kamar na dā ba: za a rubuta shari'a a zuciya, kowa a cikinsa zai san Ubangiji, an kuma gafarta masa zunubi. Suka ce tsohon alkawari ana shigarsa ta haihuwar jiki, shi ya sa aka yi wa Isma'ilu kaciya, aka yi wa Isuwa. Sabon kuwa ana shigarsa ta sabuwar haihuwa, 'ya'yan Ibrahim a yanzu su ne masu bangaskiya (Galatiyawa 3:7). Saboda haka alamar ta wanda ya tuba ce, wanda zai iya cewa an binne shi tare da Kristi an kuma tashe shi, kamar yadda Romawa sura 6 ta nuna. Game da gidajen nan kuwa, suka ce babu inda aka ambaci jariri, kuma a gidan mai tsaron kurkuku an fara yi wa dukan mutanen gidan wa'azi ne tukuna. 'Yan Baptis na Ingila sun rubuta wannan fahimta a cikin shaidar bangaskiyarsu ta 1689.

Kowane gefe yana da tambayar da ke tsaya wa ɗayan a maƙogwaro. Wannan ya ce, in da baftisma ce ta maye gurbin kaciya, me ya hana manzanni su faɗi haka a taron Urushalima (Ayyukan Manzanni 15), su kashe gardamar kaciya da magana ɗaya? Wancan ya ce, in da an fitar da yara daga cikin alkawari, yaya Yahudawa masu bi, waɗanda suka yi ta ƙorafi a kan abinci da ranaku, ba su ce uffan ba a kan 'ya'yansu? Gaskiyar ita ce Sabon Alkawari bai nuna mana jariri ana yi masa baftisma ƙarara ba, bai kuma nuna mana ɗan gidan masu bi da ya girma sa'an nan aka yi masa ba. Kowa daga abin da ya fahimta game da dangantakar alkawaran biyu yake cike wannan gurbi.

A nan muna so mu ja kunnen masu wa'azi a kan wata al'ada ta tara kowa a kwando ɗaya. Ba dukan masu yi wa jarirai baftisma ne ke yi saboda dalili ɗaya ba. Katolika suna koyar da cewa baftisma tana kawar da zunubin asali. Lutaran suna cewa Allah ne ke aiki ta wurin Maganarsa da ke haɗe da ruwan. Masu bin Calvin suna cewa alama ce da hatimin alkawari, ba ita ce ke sāke haihuwar mutum da kanta ba. A ɗaya gefen ma akwai bambanci, domin ban da masu bin shaidar 1689 akwai masu koyarwar zamanai, wadda Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield na 1909 ya baza, wadda ta raba Isra'ila da ikkilisiya rabuwa mai faɗi. Mai wa'azin da ya hau bagade ya ce duk mai yayyafa wa jariri ruwa yana koyar da ceto ta wurin ruwa, ya yi shaidar zur a kan ɗan'uwansa, ko da bai yi nufi ba. Haka ma wanda ya ce masu nutsarwa sun mai da 'ya'yansu arna.

Tarihin ikkilisiya bai raba gardamar ba, amma akwai darasi a cikinsa. Wajen shekara ta 200 Tertullian na Kartaj, a Afirka ta Arewa, ya ba da shawara a jinkirta yi wa ƙananan yara baftisma, abin da ke nuna cewa ana yi a zamaninsa, kuma akwai mai ja. Bayan kamar shekara hamsin, a wannan gari, Cyprian da taron bishof-bishof suka amsa wa wani da ya tambaya ko a jira rana ta takwas kamar kaciya, suka ce kada a jira. Wani tsohon littafin koyarwa da ake kira Didake ya fi son ruwa mai gudu, amma ya yarda a zuba ruwa a kai sau uku in ruwa ya yi ƙaranci. Wannan ya kamata ya shiga kunnen mu mazauna ƙasar da rafi ke ƙafewa tun watan Janairu.

Abin baƙin ciki ya faru ne a birnin Zurik na ƙasar Switzalan. Ranar 21 ga Janairu 1525 wasu almajiran Zwingli da suka ƙi baftismar jarirai suka taru a wani gida, Conrad Grebel ya yi wa George Blaurock baftisma, shi kuma ya yi wa sauran. A cikin amsa musu ne Zwingli ya ƙarfafa hujjar alkawari da kaciya. Hukumar gari ta shiga maganar, ta kafa dokar kisa a 1526, ranar 5 ga Janairu 1527 aka ɗaure Felix Manz aka jefa shi a kogin Limmat ya mutu. Waɗanda suka kashe shi masu karanta Littafi Mai Tsarki ne, shi ma haka. A 2004 ikkilisiyar Zurik ta nemi gafara a fili aka kafa allon tunawa a bakin kogin, a 2010 kuma Tarayyar Lutaran ta Duniya ta roƙi gafarar 'yan Menonait a taronta na Stuttgart. Mu da muka san abin da ake nufi da a tsananta wa mutum saboda bangaskiyarsa, bai kamata mu karanta wannan labari kamar na wasu ba.

To ina muka tsaya? Ba mu kira kowace ɗariƙa ta yar da koyarwarta ba, ba mu kuma ce a dama fura da kunu a kira shi haɗin kai ba. Ikkilisiyar da ta gaskata cewa baftisma ta masu bi ce tana da iko ta ce wanda zai zama dattijo ko mai koyarwa a cikinta sai ya yarda da wannan. Wadda ta gaskata da baftismar 'ya'yan alkawari ita ma haka. TEKAN, tun kafuwarta a 1955, ta haɗa masu yi wa jarirai da masu jiran girma a inuwa ɗaya, fastocinsu kuma sun yi ta zama a aji ɗaya a kwalejin tauhidi ta Bukuru, ba wanda ya narke. Amma teburin Ubangiji wani abu ne dabam da kujerar dattijo. A ganinmu, mai bi da aka yi wa baftisma da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, wanda ya furta bangaskiyarsa a gaban jama'a a ikkilisiyarsa, wanda kuma ba ya ƙarƙashin horo, bai kamata a hana shi Jibi ba don yawan ruwa ko shekarun da yake da su ranar da aka yi masa. Wannan ba sabon ra'ayi ba ne. John Bunyan, wanda ya yi shekara 12 a kurkukun Bedford saboda wa'azi, ya rubuta littafi a 1673 yana cewa bambancin fahimta a kan baftismar ruwa ba ya hana tarayya a tebur. Wasu 'yan Baptis na zamaninsa sun yi masa ca, kamar yadda wasu za su yi mana. Mun san akwai ɗariƙun da tsarin mulkinsu bai ba dattawan ƙauye ikon sassauta wannan ba. Inda haka yake, a kai maganar gaba ga majalisar gunduma a rubuce, kada a bar ta a bakin ƙofa tsakanin dattijo ɗaya da baƙo ɗaya.

Sāke baftisma ita ce wuri mafi zafi, kuma a nan dole kowa ya haɗiye wani abu. Ga wanda aka yi wa yana jariri, in aka ce sai ya sāke, kamar an ce masa iyayensa da fastonsa wasa suka yi, Allah kuma bai yi magana ba a ranar. Ga mai nutsarwa kuwa ba sākewa ba ce, ta farko ce. Ba za a iya sulhunta waɗannan biyu da dabarar baki ba. Abin da za a iya yi shi ne a cire tilas. Kada a sa wa ɗan gudun hijira ko amarya sharaɗin shiga ruwa kafin a karɓe su, domin baftismar da aka yi don a sami wurin zama ko don a faranta wa surukai ba ta cika ma'anar da masu nutsarwa da kansu suke koyarwa ba. In kuma wani ya yi bincike, lamirinsa ya kai shi ga neman nutsarwa, ikkilisiyarsa ta farko ta zauna da shi ta koya masa abin da ta gaskata, amma kada ta ɗauke shi kamar wanda ya yi ridda.

Akwai kuma ƙurar da ke ɗakin kowa, wadda gardama da maƙwabci ke hana mu sharewa. A wajen masu yi wa jarirai, sau nawa iyaye ke tsayawa su yi alkawarin renon yaro cikin tsoron Ubangiji, a ci shinkafa a watse, ba a sāke ganinsu ba sai Kirsimati? Yaron ya girma da kati a akwati, ba wanda ya taɓa tambayarsa ko ya amsa kiran da aka yi masa. Tauhidin alkawari bai koyar da haka ba, gama alkawari yana da hakki a kan wanda ya ɗauka. A wajen masu nutsarwa kuwa, baftisma ta zama kamar takardar gama makaranta. Tsohuwa ta ba da gaskiya shekara biyar, amma tana ta faɗuwa a ajin baftisma don ba ta iya haddace amsoshi ba, alhali mutumin Habasha da Filibus ya tarar a hanya bai kwana ba a yi masa. Wasu matasa kuma ba sa neman ajin sai aure ya matso. Sa'an nan ga miƙa yara da muke yi, da addu'a da alkawarin iyaye da ɗora hannu, wanda in mutum ya duba da kyau zai ga cewa masu nutsarwa ma ba su yarda 'ya'yansu baƙi ne a gidan Allah ba. Siman mai sihiri ya shiga ruwa yana babba, Bitrus ya ce zuciyarsa ba daidai take ba. Ɓarawon da ke kan gicciye bai taɓa ruwa ba.

Muna roƙon fastoci da masu bishara su keɓe lokaci a ajin baftisma da na tabbatarwa su bayyana abin da ɗaya gefen ya gaskata, da nassoshinsa, yadda in mai wannan ra'ayi yana zaune a wurin zai ce, hakika haka muke cewa. Masu shirin aure daga ɗariƙu biyu kuma a tambaye su tun kafin a ɗaura, in Allah ya ba da haihuwa me za a yi wa yaron, domin an ga gidajen da wannan magana ta hana su barci tun mai jego ba ta gama wanka ba.

Saura maganar kati. Majami'u da yawa sun ƙone tare da littattafan rajistarsu, mutane kuma sun gudu da rigar da ke jikinsu kaɗai. Bai dace a ce wa irin waɗannan sai sun kawo katin baftisma ko su sāke shiga ruwa ba. In akwai mutum biyu da suka san shi a ikkilisiyarsa ta dā, ko wasiƙa daga fasto ko wani dattijo na can, a karɓa, a rubuta sunansa a rajista tare da sunan garin da ɗariƙar da aka yi masa baftisma, a ba shi sabon kati. Sakatarorin ikkilisiya kuma su riƙa ajiye kwafin rajista na biyu a ofishin gunduma, ko su ɗauki hoton shafukan da waya su aika can a ƙarshen kowace shekara.